Amsoshin Tambayoyinku: Me ya samu garin Arlit?

Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, tambayarmu ta farko yau daga wani bawan Allah ce ɗan kasuwar Kantin Kwari, yace yana da kwastomomi Buzaye da suke zuwa sarin atamfa da shadda daga Arlit ta Nijar, amma ƴan shekarun nan ƙafarsu ta ɗauke, wai me ya samu garin ne?

Toh Alhaji Allah ya ƙara kasuwa. Kaga ita Arlit gari ne da aka gina saboda abu ɗaya tak, yuraniyom, wato ma'adinin da ake samar da wutar lantarki ta nukiliya da shi. Tana can cikin Sahara wajen kilomita 240 arewa da Agadas, a 1969 aka kafa ta bayan Faransawa sun gano ma'adinin, kamfanin Somair ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma a Akokan nan kusa a 1978. Asibiti na kamfani, gidaje na kamfani, wutar ma daga kwal ɗin kamfanin Sonichar ake kawota, kuɗi ya zauna har ana ce mata ƙaramar Faris, mai shago da tela da mai tuwo duk albashin ma'aikata suke jira ƙarshen wata.

Sai ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ya rufe saboda ma'adinin ramin ya ƙare, ɗaruruwan magidanta suka wayi gari ba aiki. Ana cikin wannan sojoji sukai juyin mulki a Yulin 2023, iyakar Benin ta rufe, kuma dama ta tashar Kwatano ake fitar da kayan zuwa Faransa, sai ya taru a ajiye ba hanyar fita. A Yunin 2025 gwamnatin Janar Tiani ta ƙwace Somair daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Alhaji mutumin da albashinsa ya tsaya ina zai ga kuɗin ɗinkin sallah, abin da ya taɓa cinikinka kenan.

Sai wata baiwar Allah daga Gwammaja, tace ɗanta direban babbar mota ne an bashi lodi zuwa can, hankalinta ya kasa kwanciya.

Hajiya kina da gaskiya. Daga nan Kano ta Daura zai bi ya shiga Damagaram, Tanut, Agadas, sannan ya hau wadda ake kira hanyar yuraniyom da aka shimfiɗa daga Tawa ƙarshen shekarun 1970. Wallahi abin yana min ciwo, dukiyar da ta haska gidajen Faransa shekara da shekaru ta kan titin nan ta wuce amma wurare da yawa kwaltar ta cinye sai rami da yashi. Tsaro ma sai a hankali, a 2010 an sace ma'aikatan kamfani a garin, a 2013 aka tada bam a Somair. Kice masa kada ya tafi shi kaɗai ya bi ayarin motoci, ya cika jarkoki da ruwa, banda tafiyar dare, kuma ya kiraki in ya isa Agadas. Allah ya kaishi lafiya ya dawo miki da shi.