Tabar Katsina da zuwan kamfanin sigari

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Da yawa suna ɗauka Bature ne ya kawo mana taba. Ba haka ba ne. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka yi wa laƙabi da Abdulkarim, ya biyo ta Katsina a 1853 zai tafi Tambutu, tabar garin nan ya saya ya yi guzuri, don sunanta ya kai can. Shekara 50 ke nan kafin Turawan Ingila su ci Katsina a 1903. Kakanninmu na noma ta, su shanya, su daka da kanwa a yi taba gari, wasu su cusa a lofe. Mata kuwa furenta suke so, su goga a haƙori bayan goro, baki ya yi jawur. 'Yan matan da ke bayan ɗakin nan na dariya, to ku tambayi kakanninku.

Me Bature ya kawo ke nan? Sigari ya kawo, da mai saye guda ɗaya.

Kamfanin British American Tobacco ya fara da shigo da sigari daga waje. Daga baya ya ga noma ganyen a nan ya fi araha, ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1937. A 1951 ya kafa reshensa na nan, Nigerian Tobacco Company, wato NTC, sannan masana'antar Zariya ta zo a 1959, dab da 'yancin kai. A lokacin, a ƙasar Yarbawa ana gasa ganyen a ɗakin wuta. A Arewa iska ce ke busar da shi a rumfa, galibi daga fadamu.

Nan nake so ku natsu. Kamfani ne ke ba da iri, malaminsa ne ke zagaya gona ya ce ga ranar dashe, ga ranar cire ganye. Ranar kasuwa kuma shi ne ke duba dami ya yanke masa daraja: wannan lamba ɗaya, wannan lamba uku. Manomi bai yarda ba? To ina zai kai? Irin ganyen nan ba shi masu taba gari ke nema ba, ga haraji na jira, kuma da kuɗin Bature ake biyansa. A gyada da auduga ma an sha awo, amma ko ba komai gyada ka iya ƙin sayarwa ka ci abarka, mata su yi mai da ƙuli-ƙuli. Taba fa?

Ban ce ba a samu kuɗi ba. An samu, musamman da yake noman rani ne, lokacin da hannu ke sake. Sai dai tabar da Barth ya saya, Bakatsine ne ya yi mata kuɗi a kasuwarsa. Ta kamfani kuwa, farashinta daga ofis yake fitowa.

Na ga an ɗaga hannu can gefe. Bismillah, malam.