Ina Faifan Sola Zai Kwana Idan Ya Tsufa?

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan zama, malamai da ɗalibai, abubuwa uku na shirya kawo muku game da sababbin faifan sola da abin da suke bar wa muhalli, kuma tun da an ja mini kunne a kan lokaci, zan shiga kai tsaye.

Na farko shi ne faifan silikon, wanda ya mamaye fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar duniya, yake kuma aiki shekara 25 zuwa 30. Rahoton IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashi mai sabuntuwa, na 2016 ya yi hasashen cewa nan da 2050 sharar waɗannan faifai za ta iya kai tan miliyan 78. Mafi yawan nauyin faifan gilashi ne da firam ɗin alminiyam, waɗanda ba su da wuyar sarrafawa. Wahalar tana ga robar da aka liƙe komai da ita, domin a ƙarƙashinta azurfa take, ga ta ƙalilan, ga ta da daraja. Sai a 2023 kamfanin ROSI ya buɗe masana'antar ciro ta kusa da Grenoble a Faransa.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, ku yi haƙuri, shi ne ferobskayit, wani sabon sinadari mai juya hasken rana zuwa lantarki. A 2009 Farfesa Tsutomu Miyasaka na Japan da abokan aikinsa suka haɗa ƙwayar sola ta farko da shi, wadda ba ta juya fiye da kashi 3.8 na hasken rana zuwa lantarki ba. Yau ta wuce kashi 26, idan kuma aka ɗora ta a kan silikon ta haura 33. Silikon ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1414, ita kuwa wannan ruwa-ruwa ake shafa ta a kan gilashi, a gasa ta da zafin da bai cika wuce digiri 150 ba. Ashe makamashin da ake ƙonawa wajen yin ta kaɗan ne ƙwarai.

To, ina gizo yake saƙar? Dalma. Akwai dalma a cikinta. Masu kare ferobskayit suna cewa shafin da ake yi wa gilashin ya fi gashin kai siranta sau ɗari, dalmar da ke cikin murabba'in mita ɗaya ba ta kai giram guda ba, har ma wadda aka yi liƙi da ita a tsohon faifan silikon ta fi ta yawa. Duk gaskiya ne, amma a ganina sun tsallake wurin da ya fi muhimmanci. Dalmar liƙi ƙarfe ce, tana zaune inda aka ajiye ta. Ta ferobskayit kuwa kamar gishiri take, da ta sha ruwa sai ta fara narkewa. Ina maimaitawa saboda masu rubutu a can baya: ruwa yana narkar da ita. Idan ƙanƙara ta fasa gilashin, ruwan sama ya ratsa, dalmar za ta bi ƙasa, tsirrai su zuƙe ta, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani marar illa a jiki, musamman ga yara ƙanana.

Abin sha'awa, wannan narkewar ita ce ta sa sake sarrafa faifan ferobskayit ya fi na silikon sauƙi, tun da ana iya wanke shafin a mayar da gilashin bakin aiki. Da can sinadarin wankin, DMF, shi kansa guba ne, sai ga masu bincike a Jami'ar Linköping ta Suwidin sun nuna a 2025 cewa ana iya yi da haɗin da akasarinsa ruwa ne.

Na huɗu, au, na uku ke nan? Shugaba ya fara duban agogo. Faifan kadmiyam da teluriyam: kadmiyam guba ne, teluriyam kuma yana da ƙaranci a doron ƙasa, amma kamfanin First Solar yana karɓar tsofaffin faifansa ya ciro kusan kashi 90 na sinadarin.

Malama a layi na biyu tana tambaya, me ya hana a cire dalmar gaba ɗaya daga ferobskayit? An gwada kuza, Malama, sai dai iska tana saurin ɓata ta, ƙarfinta kuma bai kamo na dalma ba. Shi ya sa hankali ya koma ga rufe faifan da kyau, da sanya wani shafi mai kama dalma idan gilashi ya fashe. Amma tambayarki ta taɓo wani abu da ban shirya ba: wa zai je ya kwaso faifan? Tarayyar Turai tun 2012 ta ɗora wannan nauyi a wuyan masu ƙerawa da masu shigo da kayan, ƙasashe da yawa kuwa har yanzu ba su da irin wannan doka, alhali kamfanin Oxford PV ya riga ya fara sayar da faifan ferobskayit tun 2024. Shugaba, na ga takardarka, na tsaya. Wassalamu alaikum.