Darasi: Yadda ake raba Google Drive da OneDrive da kwamfuta ba tare da an rasa fayil ko ɗaya ba

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau a kan ma'ajiyar intanet ne, irin su Google Drive da OneDrive, waɗanda ake jona wa kwamfuta har su fito a jerin faifanta ko foldojinta kamar nata ne. Tambayar ita ce, yaya za a raba su da kwamfutar lami lafiya? Masu buƙatar wannan suna da yawa. Wani zai sayar da laftof ɗinsa ne, wata ta bar wurin aiki za ta mayar da kwamfutar ofis, wani kuma datarsa ce take ƙarewa bai san inda take zuwa ba, ashe ma'ajiyar ce take ta aikawa tana saukewa ba dare ba rana.

Windows 11 ce a gabana, amma mai Windows 10 ya biyo ni, bambancin kaɗan ne.

To, ku dubi allona. Na buɗe This PC, wato wurin da Windows take jera faifan kwamfuta. Ga faifan C, wanda yake cikin kwamfutar da gaske. Ga kuma wannan na gefensa mai harafin G, an rubuta Google Drive. Wannan G ɗin ba faifai ba ne da za a kwance kwamfuta a gan shi. Ku ɗauke shi kamar ƙofa ce da aka fasa zuwa wani sito da yake can wani gari. Rufe ƙofar daban, kwashe kayan siton a zubar daban. Wanda ya shiga G ya zaɓi komai ya danna Delete, wai yana so ya tsabtace kwamfuta kafin ya sayar, to kayan siton ya zubar. Za su ɓace a wayarsa, su ɓace a burauza, in kuma folda ce da yake tarayya da abokan aiki kuma yana da izinin gogewa, su ma su wayi gari babu. Don Allah kada kowa ya taɓa Delete a wannan aikin tukuna. Akwai lokacinsa, zan faɗa muku in mun zo.

Wanda ya riga ya yi wannan ɓarnar kafin ya ga darasin nan, kada hankalinsa ya tashi. Google yana riƙe abin da aka goge a kwandon shara na kwana 30. OneDrive ma kwana 30 ne ga asusun mutum na kansa, na ofis ko makaranta kuma yakan kai kwana 93. A shiga ta burauza yau ɗin nan a dawo da su, kada a bari sai gobe.

Mu fara da Google Drive. Ku kalli ƙasan allo ta dama, kusa da agogo. Ga 'yar alamarsa mai kusurwa uku. In ba ku gan ta ba, ku danna ƙaramar kibiyar nan mai kallon sama, tana ɓoye a ciki. Na danna. Abin da nake nema shi ne ya gaya mini ya gama daidaita komai. In kun ga yana lissafa fayilolin da suke kan hanya, ku dakata. Wannan ya fi shafar mu da intanet ɗinmu take yankewa ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Mutum ya gyara takarda da daddare, ya adana, ya rufe kwamfuta, yana zaton ta tafi, alhali tana nan maƙale tana jiran layi. In ya yanke haɗin a wannan hali, gyaran nan zai iya salwanta. Ni abin da na fi natsuwa da shi, in buɗe drive.google.com a burauza ko a waya, in nemo fayil na ƙarshe da na taɓa, in buɗe shi in ga gyarana da idona. Minti biyu ne, kuma ya fi kowace alama tabbas.

Sai a duba wace irin jonawa aka yi. Ina danna alamar saiti, wannan mai kama da taya mai haƙora, in zaɓi Preferences, sannan in danna Google Drive a hagu. Zaɓi biyu ne a nan. Na farko Stream files, wato kayan suna can intanet, ana janyo su ne idan an buɗe. Na biyu Mirror files, wato akwai cikakken kwafi a faifan kwamfutar. Mai na biyu, in ya yanke haɗi, foldarsa tana nan a kwamfuta. Mai na farko kuwa, G zai tafi da duk abin da ake gani a cikinsa, har waɗanda ya ce a ajiye masa don ya buɗe ba intanet. Ba su goge daga asusunsa ba, suna can, amma a wannan kwamfutar babu su. Saboda haka duk abin da yake so ya riƙe a hannu, ya kwafe shi zuwa faifan C ko filashi tun yanzu. Kwafa, ba yankewa ba. Copy, ba Cut ba, domin Cut ɗauke shi yake daga ma'ajiyar.

Akwai wani tarko a nan da nake so ku gani da kyau. Ku dubi wannan fayil ɗin, sunansa ya ƙare da gdoc. Takarda ce da aka rubuta a Google Docs, shafinta da yawa, amma ku dubi nauyinta, bai kai komai ba. Dalili shi ne rubutun ba ya ciki, adireshi ne kawai da yake kai mutum burauza. Ko an yi nasarar kwafe shi zuwa filashi, fanko aka ɗauka. Haka masu ƙarewa da gsheet da gslides. Irin waɗannan sai an buɗe su a burauza, a shiga File, a zaɓi Download, a sauke su a matsayin Word ko Excel ko PDF. Ɗalibi mai barin asusun makaranta, wannan maganar taka ce, domin ranar da aka rufe asusun, adireshin nan ba zai kai ka ko'ina ba.

Yanzu mu yanke. A cikin Preferences ɗin, sama ta dama, akwai wata alamar saitin. Na danna. Ga sunan asusuna, ga kuma Disconnect account a gefensa. Na danna, ya tambaye ni ko na tabbata, na amsa. Mu koma This PC. Kun gani? G ya tafi, kayana kuma suna can ba abin da ya same su.

Wasu suna danna Quit ne kawai, su ga G ya ɓace, su ɗauka an gama. Ba a gama ba. Manhajar aka rufe, asusun yana nan a jone, da zarar an sake kunna kwamfuta zai dawo, kuma duk wanda ya zauna a gabanta zai shiga kayanku ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Wanda ya gama da manhajar gaba ɗaya, ya je Settings, Apps, Installed apps, ya nemo Google Drive ya danna Uninstall. A Windows 10 sunan wurin Apps and features.

Mu koma OneDrive. A ganina ita ta fi buƙatar natsuwa, domin tare da Windows take zuwa, kuma mutane da dama suna amfani da ita ba su ma san sun kunna ba. Tun lokacin da aka saita kwamfutar da asusun Microsoft aka yi ta danna Next, a nan ta shiga. Alamarta gajimare ne, shi ma kusa da agogo.

Ku shiga foldar OneDrive ku dubi 'yan alamomin da suke gefen kowane fayil. Tun 2017 Microsoft ta kawo wannan tsari a Windows 10. Mai shuɗin gajimare, sunansa kawai yake nan, jikinsa yana intanet. Mai alamar maki kore a cikin farin da'ira, an sauke shi. Mai koren da'ira cikakke, an ce a ajiye shi a kwamfutar dindindin. Bari in nuna muku hujja. Ga wannan bidiyon mai gajimare. Na danna shi da ɓangaren dama na linzami, na zaɓi Properties. Layin Size ya nuna nauyinsa na gaskiya, amma layin ƙasa, Size on disk, sifili ne. Babu shi a nan. Wanda yake so ya tsira da kayansa a kwamfutar bayan an raba su, ya danna foldar da dama, ya zaɓi Always keep on this device, ya jira duk gajimaren su koma kore. Wannan yana cin data daidai nauyin kayan. Asusun kyauta na OneDrive giga 5 ne, na Google giga 15, to a yi lissafi kafin a fara, in da hali a bari sai an sami Wi-Fi.

Ga babban abin da yake sa mutane salati. OneDrive takan karɓi foldar Desktop da Documents da Pictures ta mayar da su cikin gidanta. Kana kallon allonka kamar kullum, amma ainihin wurin kayan ya koma C, Users, sunanka, OneDrive, Desktop. Don haka kafin a yanke, a shiga saitinta, Sync and backup, sannan Manage backup, a ga waɗanne foldoji ne a kunne, a kashe su. In ta tambaya inda za a bar kayan, a zaɓi kwamfutar. In kuma bayan an kashe kuka ga allonku ya zama fayau, takardun da kuka jera duk babu, kada gabanku ya faɗi. Suna cikin foldar OneDrive ɗin, a ƙarƙashin Desktop. Ku kwafo su ku dawo da su wurinsu na asali. Na fi son a yi wannan tun asusun yana jone, saboda in wani fayil ɗin bai sauko ba, akwai damar janyo shi.

An gama wannan? To sai Account, a danna Unlink this PC, a tabbatar. Shi ke nan, an rabu. Daga yanzu foldar OneDrive da ta rage a faifan C folda ce kamar kowace. A nan ne Delete ya halatta ga mai sayar da kwamfuta. Amma duk da haka ku gwada da fayil ɗaya marar amfani, ku goge shi, ku duba onedrive.com a waya. In yana can, haɗin ya yanke da gaske, sai ku goge sauran ku kuma zubar da kwandon shara.

Ma'aikatan ofis, ku naku yakan zo da ƙari. In foldar ma'aikata ce aka jona muku daga SharePoint, wato ma'ajiyar Microsoft da ma'aikatu suke tara takardunsu a ciki, a shafin Account ɗin nan za ku ga sunanta da Stop sync a gefe. Shi za ku danna, ita kaɗai za ta fita, asusunku ya zauna. In kuma folda ce ta wani da kuka sa gajeriyar hanyarta a cikin OneDrive ɗinku, ku nemi Remove shortcut. Kayan jama'a ne, gogewar mutum ɗaya tana shafar kowa, kuma ladabi ne a sanar da mai kula da kwamfutocin ofis kafin a taɓa.

Saura nau'i ɗaya, wanda ba shi da manhaja kusa da agogo. Faifai ne da ma'aikacin ofis ya jona da hannu ya ba shi harafi, sau da yawa Z, yana zaune a ƙarƙashin Network locations. Wannan a danna shi da dama, a zaɓi Disconnect. A Windows 11 wani lokaci sai an fara danna Show more options. In ya ƙi fita, ko ya tsaya da jan kuros a kansa, a buɗe Command Prompt, wato tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta net use, zai jero duk abin da yake jone. Sai a rubuta net use Z: /delete a danna Enter. In ya ce akwai fayil a buɗe, gaskiya ya faɗa, a je a adana a rufe Word ko Excel ɗin da yake riƙe da shi, kada a tilasta. Bayan nan a nemi Credential Manager, inda Windows take ajiye kalmomin sirri, a shiga Windows Credentials, a cire kalmar sirrin wannan ma'ajiyar. In an bar ta, wanda ya san adireshin zai sake jonawa ba tare da an tambaye shi komai ba. In kuma kun cire Z da safe ya dawo washegari, daga ofis ake turo shi duk lokacin da kuka shiga, sai mai kula da na'urorin ne zai iya tsayar da shi.

Masu Mac, in irin wannan faifan ne aka jona muku, naku Eject ne a gefen sunan ma'ajiyar a cikin Finder, wato manhajar duba fayiloli ta Mac. Masu Linux da suka jona da manhajar rclone, su rubuta fusermount -u sai sunan foldar, sannan su duba fayil ɗin fstab ko sabis ɗin da yake tayar da ita, in ba haka ba za ta dawo.

Mai rabuwa da kwamfutar kwata-kwata, akwai abu biyu da suka rage masa. Ya fita daga asusunsa a burauzar kwamfutar, domin cire manhaja ba ya fitar da Gmail daga Chrome. Sannan daga wayarsa ya shiga myaccount.google.com, ɓangaren Security, ya nemi jerin na'urorinsa, ya zaɓi wannan kwamfutar ya danna Sign out. Asusun Microsoft ma yana da jerin na'urori irin wannan a account.microsoft.com, a cire ta daga can.

Yanzu bari in sake kunna tawa mu gani tare. Ta tashi. This PC, ga C shi kaɗai, babu G, babu Z. Kusa da agogo, gajimaren ya koma toka-toka, in na danna yana neman in shiga da asusu. A wayata kuma ga takarduna nan cif. Wanda nasa bai fita haka ba, ya rubuto mini matakin da ya tsaya da abin da allon ya rubuta masa, in sha Allahu za mu duba tare. Wassalamu alaikum.