Lacca: Idan Abin Hannu Kaɗan Ne, Wa Za A Fara Taimaka Wa?

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, 'yan'uwa ɗalibai, barkanku da zuwa.

Ga mutum da abin sadaka a hannu, mabuƙata kuwa sun fi ƙarfin abin. Ina zai kai shi? Da yawanmu mukan ce ai niyya ce. Gaskiya ne, lada na bin niyya. Amma yaron da zazzaɓi ya kwantar, magani yake jira, kuma ba kowace kyauta ce ke kai masa maganin ba.

A 1972 wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, Peter Singer, ya fitar da maƙala bayan yaƙi da yunwa sun kori miliyoyin mutane daga yankin da ya zama Bangladesh. Ya kawo misali da mai wucewa ta gefen kududdufi, ya hango yaro yana nitsewa. Ruwan ba zurfi gare shi ba, iyakar asarar da zai yi tufafinsa su ɓaci da laka. A cikinku akwai wanda zai wuce? Babu. To idan kuɗin tufafin nan zai ceci wani yaro a ƙasa mai nisa, me ya sauke mana nauyinsa? A ganin Singer, nisa ba hujja ba ce.

Waɗanda suka biyo baya sai suka ƙara tambaya ta biyu: a ina kuɗin zai fi amfani? A 2007 aka kafa GiveWell a Amurka don ta binciki ƙungiyoyin agaji, ta ga abin da kowace dala ke haifarwa. A 2009 wani masanin falsafa, Toby Ord, ya kafa ƙungiyar Giving What We Can a Oxford ta ƙasar Ingila, inda membobi ke alƙawarin bayar da kashi 10 cikin 100 na abin da suke samu.

Ku saurara da kyau, nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Cikin ayyukan da GiveWell ta fifita akwai rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina. Kun sha ganin masu rabon suna bi gida-gida duk wata, su narkar da ƙwaya a cokali, uwa ta rungume yaron a ba shi. Yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 ake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Akwai kuma New Incentives, da ke ba iyaye mata ɗan kuɗi in sun kai jarirai allurar rigakafi a jihohi irin su Katsina, Zamfara da Jigawa. Aiki ne da ba a yanka kirtani a kansa, ba a kafa allo da sunan kowa, amma rayuka yake tsarewa.

Fifita wani alheri a kan wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Imamu Gazali ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuri'a da dukiya. Malaman usulu kuma sun gabatar da larura a kan buƙata, buƙata a kan ƙawa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga kwamitin unguwa ya zuba miliyoyi wajen ƙawata ginin da ba abin da ya same shi, alhali asibitin sha-ka-tafi na bayansa ba magani.

Sai dai lissafi yana da haɗari in aka sakar masa linzami. Wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Sam Bankman-Fried, ya yi suna da cewa yana tara dukiya ne don ya bayar. Kamfaninsa na hada-hadar kuɗin intanet, FTX, ya rushe a Nuwamba 2022, kuɗin masu ajiya suka salwanta, a 2024 kotu ta ɗaure shi shekara 25. Duk yawan alherin da mutum ya ƙudurta, bai halatta masa cin amana ba.

Na kuma rabu da Singer a wuri guda. Mahaifiyarka da ƙaninka maraya suna da haƙƙi a kanka wanda baƙo ba shi da shi, kuma ba a sa wannan haƙƙin a sikeli. Awon da nake kira a yi yana farawa ne a kan abin da ya rage bayan an sauke nauyin gida. Kafin ka miƙa shi, tambayi mai karɓa: mutum nawa zai amfana, da me, kuma wa ya je ya gani da idonsa?