Amsoshin Tambayoyinku: Istrojin da Sankarar Mama

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wata baiwar Allah ce a Zariya. An yi wa yayarta aikin sankarar mama, likita ya ce irin wadda istrojin ke ciyarwa ce, ya ɗora ta kan ƙwayar tamoxifen har shekara 5. Tambayarta: mene ne istrojin, kuma tunda an cire ƙullutun, ciwo ya warke, ina amfanin ci gaba da shan magani?

Allah ya ba yayarki lafiya, 'yar'uwa. Istrojin sinadari ne da jikin mace ke haɗawa da kansa, galibi a jakar ƙwai. Shi ke fito wa budurwa da ƙirji, shi ke tafiyar da al'ada, shi ke riƙe ƙarfin ƙashi. Ba guba ba ne. Sai dai wasu ƙwayoyin sankarar suna da wata 'yar kafa da istrojin ke shiga ya zauna, da zarar ya zauna sai su hau hayayyafa. A duniya, kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama irin wannan ce, shi ya sa ake kai ɗan naman da aka yanka ɗakin gwaji a duba.

Tun 1896 wani likita a Glasgow, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mai sankarar mama jakar ƙwanta, ya ga ciwon ya ja da baya. Daga nan aka fara gane alaƙar. Yau tamoxifen ke toshe wannan kafar, istrojin ya zo ya rasa wurin zama. Wuƙar likita abin da ido da na'ura suka gani take cirewa. Ƙwayoyin da suka sulale suka laɓe a wani wuri, su ake kashewa da yunwa. Don Allah kar ta ajiye maganin don ta ji ƙarfin jiki. Na san yana sa jin zafi da zufa, ana gajiya da shi, amma wannan magana ce ta kai wa likita, ba ta yanke shawara a ɗaka ba. In ta ga jinin da ba na al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ta je asibiti ranar.

Sai wata Hajiya daga Maraɗi, ta ce ta daina al'ada shekara 6 ke nan, shin ta tsira ke nan tunda istrojin ya ƙare?

Hajiya, ya ragu, bai ƙare ba. Bayan daina al'ada kitsen jiki ne ke ci gaba da haɗa shi kaɗan-kaɗan, don haka ƙiba a wannan shekaru na ƙara haɗari. Haka kuma wadda ta fara al'ada kafin shekara 12, ko ta wuce 55 ba ta daina ba, jikinta ya daɗe da istrojin. Shayarwa kuwa na rage haɗarin, amma ba ta kore shi ɗungurungum. Ki riƙa shafa nononki da hammata sau ɗaya a wata. Ƙullutun da ba ya ciwo ma, shi ne wanda mata suka fi rainawa. In kin ji shi, kar ki jira ya fara zogi kafin ki nuna wa likita.

Saura wasiƙu biyu kan ƙwayar tazarar haihuwa, za mu ɗauke su bayan wannan ɗan hutu.