Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Ilimi Mai Zurfi daga Kwamitin Ɗaliban Nazarin Halittu na Damagaram

Mai girma Minista, mai girma Gwamna, wakilin Mai Martaba Sarkin Damagaram, malamanmu, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Wanda ya taso daga Yamai don ya ga ɗalibai da idonsa ya fi ƙarfin yabonmu, aikinka kuma kowa ya shaida. Shi ya sa ba za mu ɓoye maka abin da ke hana mu barci ba: muna roƙon labo, ɗakin gwaji na gaske, mai lantarkin hasken rana.

Garin nan da ka sauka, a zamanin Sarki Tanimun aka kewaye shi da ganuwa, maƙeransa suka ƙera igwa da hannunsu. Shi ne babban birnin Nijar har 1926, kafin Turawa su ɗauke mulki su kai Yamai, bakin kogi. Suka bar mu da duwatsu da ƙishirwa, wadda har yau kowane ɗan Birni da Zango ya san ta. Ba ƙorafi muke ba, ranka ya daɗe, tuni ne kawai.

Mu ɗaliban lisansi ba mu zauna ba. Da damina muna shiga gonakin hatsi muna ɓare zangarniya, muna ƙirga tsutsar murzuna mai cin kan gero, muna koyon kiwon ɗan ƙwaron nan da ke kashe ta. Muna ɗebo ruwan tafkin Gidimuni da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya. A Matamaye mun auna ƙasar gindin gawo, don mu gane abin da ya sa gero ya fi kyau a wurin. Manoma sun san haka tun kaka da kakanni, mu dalili muke nema.

To, sai mu dawo da samfur, wuta ta ɗauke, firigo ya huce, wahalar mako guda ta ruɓe kafin safiya. Madubin ganin ƙwayoyin cuta kuwa layi ake yi masa kamar famfo a watan Afrilu.

Muna son mota ta fita daji, muna son ƙarin littattafai, amma waɗannan za su iya jira. Labon ne ba zai jira ba. Murzuna tana fitowa ne idan gero ya yi kai, don haka muna roƙo, ranka ya daɗe, a sa hannu a takardar labon kafin damina ta faɗi.

Allah ya ja zamaninka, ya maida kai Yamai lafiya.

Kwamitin Ɗalibai