Alkama, Hubbare da Iyaka: Lacca a kan Bukukuwan Panjabawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke gaba, iyayenmu mata, da ku ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna jina? To madalla.

Da aka ce in yi magana a kan bukukuwan Panjabawa, wani abokina ya tambaye ni, su wane ne kuma Panjabawa? Na ce masa ai ka san su, sunan ne ba ka riƙe ba. Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya ga mutumin nan mai ƙaton rawani da gemu, ana kaɗa masa ganga a tsakiyar gona yana ɗaga kafaɗu. Wannan shigar Panjab ce. Sai dai fim ya bar mu da rabin labari, don mafi yawan Panjabawa Musulmi ne, kuma a Pakistan suke. Lardin Panjab na Pakistan ya haura mutum miliyan 120, jihar Panjab ta Indiya kuwa kusan miliyan 28 aka samu a ƙidayar 2011. Sunan daga Farisanci ya fito, panj biyar, ab ruwa, saboda koguna biyar da suka ratsa ƙasar: Jelum, Cenab, Rabi, Biyas da Satluj. Kafin 1947 ƙasa ɗaya ce, Musulmi da Hindu da mabiya addinin Sik, waɗanda zan riƙa kira Sikawa, gona kusa da gona. Ku riƙe mini shekarar nan, za mu dawo kanta.

Kalmar da suke amfani da ita wajen kiran biki ita ce mela. Mela taro ne da ya haɗa ziyara da kasuwa da wasa: ana addu'a a ciki, a waje ana kokawa, ana cinikin shanu, mai alewa yana kiran yara. Kuma lissafi biyu ake bi. Akwai na rana, wanda manomi ke dubawa, da watanni irin su Cet, Baisak, Sawan, Poh da Mag. Akwai na wata, irin namu na Hijira, wanda yawancin ranakun waliyyai ke bi.

Mu fara da sanyi. Ran 13 ga Janairu, daren ƙarshe na watan Poh, ake yin Lohri. Sanyinsu ya fi hunturunmu cizo, hazo kan rufe gari har rana ta ɗaga. Sai a hura babbar wuta a dandali, a kewaye ta, ana jefa mata riɗi da gyaɗa da gugguru da mazarƙwaila, ana kuma ci. Lokacin yankan rake ne, shi ya sa mazarƙwaila ta yi yawa. Gidan da aka yi haihuwa ko aka kawo amarya a shekarar, nasu Lohrin ya fi na kowa armashi. Yara kuma suna bin gida-gida da waƙa ana ba su ɗan abin da ya samu. Na ga wasu suna murmushi, e, kamar tashe. Abin da ya ja hankalina shi ne wanda ake yabo a waƙar. Sunansa Dulla Batti, Musulmi ne da ya yi wa Sarki Akbar na daular Mughal ta Indiya tawaye a ƙarni na 16, kuma labarin da ake bayarwa shi ne ya ƙwato 'yan mata daga hannun azzalumai, ya tsaya musu a matsayin uba ya aurar da su. Yau Hindu da Sikawa ne suka fi raya Lohri, amma sunan Musulmin nan bai fita daga bakin 'ya'yansu ba.

Idan sanyi ya fara sauka, gonaki suka yi rawaya da furen wani tsiro da suke kira sarson, sai Basant. Lahor, babban birnin Panjab na Pakistan, ita ce uwar wannan biki. Kowa ya sa rawayan kaya ya hau soro, ana tashin patang, wato 'yar takarda da ake ɗaura wa zare a sake wa iska, kowa yana neman tsinke zaren ɗan'uwansa. Gasa ta yi zafi har aka koma shafa wa zare garin gilashi, wasu ma waya suke sawa. Zare ya riƙa yanke wuyan masu babur a titi. Hukuma ta hana a 2007, aka shafe shekaru soraye shiru.

Yanzu ga babban. Baisaki, ran 13 ko 14 ga Afrilu, ranar farko ta watan Baisak. Alkamar da aka shuka da shigowar sanyi ta nuna, lauje zai shiga gona. Asalinsa murnar kaka ce, kuma rawar bangara da kuke gani a fim rawar manoma ce ta wannan lokaci. Ba ruwan alkama da addinin mai gona, saboda haka kowa yana yi.

A 1699 ranar ta samu wata ma'ana. Guru Gobind Sing, na goma kuma na ƙarshe a jerin jagororin Sikawa 'yan Adam, ya tara mabiyansa a Anandpur. Yadda Sikawa ke ba da labarin, ya fito da takobi tsirara ya ce yana son kan mutum ɗaya, wa zai ba da nasa? Wuri ya yi tsit. Can wani ya miƙe, aka shiga da shi tanti, Guru ya fito takobi jina-jina ya ce saura wani. Har sau biyar. Daga baya ya fito da su biyar ɗin da ransu, sanye da sababbin kaya. Su ne Panj Piyare, ƙaunatattu biyar, kuma daga zuriyoyi daban-daban suka fito, har da waɗanda tsarin Hindu ke ɗauka ƙasƙantattu. Aka dama ruwa da sukari a ƙwaryar ƙarfe da takobi mai baki biyu, suka sha daga mazubi ɗaya. Nan aka kafa Kalsa, wato jama'ar Sikawa da suka sha wannan ruwa na mubaya'a. Maza suka ɗauki sunan Sing, zaki ke nan, mata suka ɗauki Kaur. Daga nan ne alamomi biyar suka fito: gashi ba aski, matajin katako, awarwaron ƙarfe, gajeren wando, da wuƙa a rataye. Rawanin nan gashin yake rufewa. Har gobe idan za a yi jerin gwanon Baisaki, a Amritsar ne ko a Ingila ko Kanada, mutum biyar ne ke gaba da takubba.

A Anandpur ɗin dai ake yin Hola Mohalla a watan Maris, washegarin bikin watsa kala na Hindu. Guru ya mai da shi ranar atisaye. Mayaƙan da ake kira Nihang, masu shuɗin kaya da rawuna kamar rumbu, suna sukuwa, mutum ɗaya a tsaye bisa dawaki biyu. Wanda ya saba ganin hawan salla zai ji kamar a gida yake.

Baisaki tana da tabo. Ran 13 ga Afrilu 1919, mutane sun cika Amritsar, dubbai suka taru a wani fili mai katanga da ake kira Jaliyanwala Bag, wasu don taron nuna ƙin dokokin Turawa, wasu ƙauyawa ne da biki ya kawo. Janar Dyer ya tsaya da sojojinsa a ƙofa ya ce a buɗe wuta, ba gargaɗi. Kimanin minti 10 ana harbi. Turawa suka ce mutum 379 ne suka mutu, 'yan ƙasa suka ce sun kai 1,000 ko fiye. Turawan Ingila ne, waɗanda a daidai lokacin suke mulkinmu a nan.

To mu ƙetara wajen Musulmi, inda na fi son in daɗe. Bayan sallah ƙarama da babba da Mauludi, abin da ya fi tara jama'a shi ne urus. Masu Larabci sun gane kalmar, biki ne na aure. Ranar wafatin waliyyi suke kira haka, wai ranar da masoyi ya isa ga Masoyinsa. A Lahor akwai hubbaren Sayyid Ali Hujwiri, malamin ƙarni na 11 da ya zo daga Gazna, wanda suke wa laƙabi da Data Ganj Baksh. Urus ɗinsa kwana uku ne, 18 zuwa 20 ga Safar. Masu shanu suna kawo madara a raba kyauta, ana shimfiɗa mayafai a kan kabari, mawaƙan kawwali, wato waƙar sufayen can, suna kwana suna bege. A ƙarshen Maris kuma akwai Mela Ciragan, bikin fitilu, a hubbaren Shah Husaini, mawaƙin sufaye da ya rasu a 1599. Shi wannan lissafin rana yake bi, kun ga yadda gona ta kutso har cikin hubbare. Ranjit Sing, sarkin Sikawa da ya ci Lahor a 1799, da kansa yake zuwa wannan hubbare da fadawansa lokacin Basant.

Ga inda muka haɗa dangi da su. Shah Husaini, da Miyan Mir na Lahor, da Bulle Shah na Kasur, duk 'yan Ƙadiriyya ne, ɗariƙar Shehu Usmanu. Ran 11 ga Rabi'us Sani suna dafa abinci su raba da sunan Shehu Abdulƙadir Jilani, watan da Kano ke fita Maukibi. Silsila ɗaya ce daga Bagadaza, wani reshe ya yi gabas, wani ya yo yamma.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki Baba Farid ne, shehin ɗariƙar Cishtiyya na ƙarni na 13, wanda ke kwance a Pakpattan. Ana urus ɗinsa a farkon Muharram, a buɗe wata 'yar ƙofa da suke kira Bahishti Darwaza, ƙofar Aljanna, na 'yan darare kaɗan, mutane su yi ta turereniya su ratsa ta. Ni dai, a gaskiya, ban ga inda ƙofar gini ke kai mutum Aljanna ba, kuma a can ma malaman Diyoband da Ahlul Hadis suna faɗin haka, Barelwawa, wato masu bin sufanci, suna kare ziyarar. Muhawarar da kuka sani a nan, ita ce can. Abin da nake so ku ji daban ne. Baba Farid ya yi waƙoƙi da harshen Panjabi, harshen talakawa. Da Guru Arjan, jagoransu na biyar, ya tattara littafin Sikawa mai tsarki a 1604, sai ya sa baitocin Farid fiye da 100 a ciki. Wato yau Basike yana rusunawa gaban littafin da ke ɗauke da maganar shehin Musulmi a kan mutuwa da salla da haƙuri. Shi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, abokin yawonsa mai kaɗa masa garaya, Mardana, Musulmi ne.

Akwai kuma langar. A kowane wurin ibadar Sikawa ana dafa gurasa da miyar wake, kowa ya zo ya zauna a ƙasa sahu ɗaya, attajiri kusa da almajiri, ba a tambayar addininka. A Haikalin Zinariya na Amritsar dubun dubata ake ciyarwa kullum, ranar biki ba a magana. Hubbarorin sufaye ma langar suke kiran tukunyarsu, kuma Cishtawa sun riga Sikawa ɗora ta. A ƙasar da wani ba ya cin abin da wani ya taɓa, wannan zaman sahu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Sai 1947. Wani lauyan Ingila, Radcliffe, wanda bai taɓa taka Indiya ba, aka ba shi 'yan makonni ya ja layin da zai raba Indiya da Pakistan. Layin ya bi tsakanin Lahor da Amritsar, garuruwan da tazararsu kimanin kilomita 50 ce. Miliyoyi suka yi hijira, Musulmi yamma, Hindu da Sikawa gabas, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya. Mutum yana iya ɗaukar buhunsa, amma ba ya ɗaukar kabari. Nankana, inda aka haifi Guru Nanak a 1469, ta faɗa Pakistan. Kartarpur, inda ya rasu a 1539, ita ma haka. Panja Sahib da ke Hasan Abdal, inda ake babban taron Baisaki, haka. A ɗaya ɓangaren, hubbaren Shehu Ahmad Sirhindi, wanda ake kira Mujaddadin shekara dubu ta biyu ta Hijira, ya zauna a Indiya. Bikin da kakanka ke zuwa a kan keken shanu ya koma sai da fasfo da biza. A 1974 ƙasashen biyu suka sa hannu a yarjejeniyar ziyarar wuraren ibada, ana ba wasu 'yan dubbai izini, in dangantaka ta yi tsami a rufe.

Kartarpur kilomita 4 ce kacal daga iyaka. Shekara da shekaru Sikawa suna zuwa Dera Baba Nanak ta ɓangaren Indiya, su hau wani dandamali su hango farar ƙubba da tabaron hangen nesa, su yi addu'a su juya. Sai ran 9 ga Nuwamba 2019, ana shirin cika shekara 550 da haihuwar Guru Nanak, aka buɗe hanya ta musamman ba biza. Mutane suka riƙa shiga da safe, su fito kafin dare. A farfajiyar nan an ga tsofaffi 'yan uwa da rabon ƙasa ya raba tun suna yara sun rungume juna suna kuka.

Shugaba yana nuna mini agogo. Akwai tambaya? Na'am, Hajiya.

Hajiya tana tambaya, duk maza na ambata, su mata fa? Gaskiyarki, Hajiya, laifina ne. Suna da nasu, Tiyan ake ce masa, a watan Sawan idan damina ta sauka, wajen Yuli zuwa Agusta. Matan aure, musamman amare, suna komawa gidan iyayensu ganin gida. A ɗaura lilo a manyan itatuwa a bayan gari, a sa lalle, a yi da'ira ana tafi ana rawar gidda. Ba ganga, tafi ne kawai da baki. Wata ta shiga tsakiya ta jefa baiti biyu, sauran su amsa, kuma yawancin baitocin habaici ne ga uwar miji, tunda tana can wani gari ba ta ji. (Dariya.) Wadda ba ta samu zuwa ba, ɗan'uwanta ne zai kai mata tsaraba har ɗakinta, tufafi da kayan zaƙi.

An kira salla. Sauran tambayoyin sai mun fito daga masallaci. Wassalamu alaikum.